Allurar da ke Aljihun Titus

Bayan la'asar aka ji ƙarar. Mutanen ƙauyukan da ke kusa da filin jirgin saman Gombe sun ɗauka bom ne, har wasu sun fara tattara 'ya'yansu. Ashe taya ce ta fashe, ta tafi da ran mutum.

Ko da Insifekta Ɗan'azumi ya iso, an riga an ɗauke gawar. Jirgin fasinjan yana tsaye, ƙafarsa ɗaya a kan jak. Rim, ƙarfen da taya ke kewaye da shi, ya rabu biyu, rabi ya faɗi can nesa. Babban notin da ke riƙe taya kuwa yana ajiye tsaf a kan tsumma, kamar mai shi zai dawo ya ɗauka. Wannan notin ya fi jinin da ke ƙasa tayar masa da tsigar jiki.

Manajar kamfanin jirgin, Madam Olivia, ta yi masa bayani.

"Tayar ta cinye, zare ya fito. Matuƙi ya ce ba zai tashi da ita ba. Injiniya Titus da abokin aikinsa Friday suka zo canzawa."

"Me ya fasa ta?"

"Rim ɗin jirgi falle biyu ne, kusoshi ke haɗe da su. Wasu sun karye ba a sani ba, noti kaɗai ya rage yana riƙe da su. Shi ya sa doka ta ce a sace iskar kafin a kwance noti. Titus bai sace ba."

"Da idonki kika gani?"

"Friday ya faɗa."

"Kin matsa musu su yi sauri?"

"Ni? Ko kusa."

Muryarta kuwa a dishe take, irin ta wanda ya wuni yana ihu. Insifekta ya tsuguna gaban ɓarin rim ɗin. Shi dai bai san jirgi ba, amma ya sha zama a bencin mai faci. Ya san bawul, bakin da ake hura wa taya iska, ya kuma san 'yar allurar da ke cikinsa, wadda sai an cire ta iska ke fita. Allurar tana nan daram. Ya sa aka ciro masa ita.

Ya sami Friday a ɗakin kayan aiki. Magidanci ne, garinsu ɗaya da Titus, kuma Titus ɗin ne ya koya masa aiki.

"Wa ya kamata ya sace iskar?"

"Ni ne, yallaɓai. Amma Oga Titus ya ce in bari, ba lokaci. Ya aike ni in gangaro sabuwar tayar. Ina juya baya ke nan..."

Ya karkata kai.

"Yallaɓai, ba ka jin wani abu?"

"Kamar me?"

"Kamar iska na fita."

Insifekta ya saurara. Ko fanka ba ta juyawa a ɗakin.

Washegari ya je gidan mamacin a unguwar Madaki. Mata suna waƙoƙin coci a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa. Hilda, matar Titus, ta shigar da shi falo. Ba ta kuka, idanunta sun bushe ƙayau.

"Har a Kasuwar Gombe an fara faɗa, wai ganganci ya kashe shi," in ji ta. "Haka 'yarmu Joan da ƙannenta za su tashi suna ji, cewa ubansu bai san aikinsa ba. Mutuwar na karɓa, yallaɓai. Wannan ce ba zan karɓa ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara, ta zazzage shi a kan tebur. Allurorin bawul ne cike, duk sun yi baƙi.

"Duk tayar da ya canza, sai allurarta ta shiga aljihun rigarsa kafin ya taɓa noti. Ni nake tsintarsu wajen wanki. Da farko faɗa nake yi, suna huda mini yatsa. Daga baya na fara tarawa."

"Ko da wani ne ya sace iskar?"

"Sai ya miƙa hannu an ba shi. Kowa ya san shi da wannan."

Daga nan Insifekta ya wuce ɗakin ajiye gawa na asibiti. Aka kawo masa rigar aikin Titus a cikin leda, jini ya bushe a jikinta ta yi ƙarau. Ya daɗe yana kallonta kafin ya zura yatsa cikin aljihun gaba. Wani abu ya soke shi.

Allura ce, sabuwa dal, tana sheƙi. Ba ta taɓa shiga bawul ba.

Mamacin ya yi abin da ya saba har ranar ƙarshe. Ya miƙa hannu, wani ya sa masa ƙarya a ciki.

Da ya koma Madaki, Friday yana can yana jera wa masu gaisuwa kujeru, ya fi kowa himma. Insifekta ya kira shi falo. Hilda ta tsaya a bakin ƙofa, bai kuma ce ta fita ba.

Ya ajiye allura biyu a kan tebur.

"Wannan baƙar daga tayar da ta fashe ta fito. Wannan sabuwar daga aljihun Titus. Bawul ɗaya, allura biyu. Wa ya ba shi sabuwar?"

"Wataƙila tasa ce tun daga gida."

"Ni na wanke rigar, ni na goge ta," in ji Hilda. "Ba komai a ciki."

Friday ya dubi gwangwanin madarar, ya dubi ƙasa.

"Abin cire allurar na bari a gida, a Bagadaza," ya ce. "Na gyara wa maƙwabcina babur da shi. Oga ya taɓa yi mini kashedi a kan irin haka. Madam tana ta ihu fasinja sun gaji. Shi ya hau sama wajen matuƙi, ya bar ni in sace iskar. Ga janareto na ƙara, ga abin toshe kunne, na san ba zai gane ba. Tayar jirgi idan tana kan jak, da iska da babu duk kamanninta ɗaya. Na ce a raina tsohuwar taya ce kawai, me zai faru."

"Sai ka buɗe akwatin kayan aiki," in ji Insifekta.

"Na ɗauko sabuwa. Ya sauko ya miƙo hannu, ko kallona bai yi ba. Na sa masa. Ya ce, 'Yauwa, ƙanena.' Ya aike ni ɗauko taya."

"Da ya mutu kuma ka ɗora masa laifin," in ji Insifekta.

Waƙar matan ta ci gaba a waje.

"Fita ka faɗa musu," in ji Hilda, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Yadda ka faɗa a nan. Joan tana can."

Insifekta ya bar shi ya fita. Waƙar ta tsaya. Ya faɗa, kowa ya ji, sannan aka sa masa ankwa. Hilda ta mayar da baƙaƙen allurorin cikin gwangwani, ta ture sabuwar gefe da bayan hannu.

A hanyar ofis motar ta tsaya a cunkoso, daidai rumfar wani mai faci. Mutumin ya cire wa tayar a-kori-kura allura, iska ta fara fita da dogon huci. Friday ya yi yunƙurin toshe kunne, ankwa ta hana shi.

Tausayi ya kama Insifekta duk da komai. Ya ɗaga gilashin motar.

"Bar shi, yallaɓai," in ji Friday. "Tun jiya nake jinta. Ba ta ƙarewa."