Tayoyin da Za Su Kai Shi Inverness

"Sannu da aiki. Na yi booking da sunan Dakta Almu... angona."

Fulera ta ɗago kai a hankali daga bayan kantar shagon.

Fauzia ce tsaye, 'yar ƙanwar mahaifiyar Almu, tana wani murmushi mai sanyi. A bayanta ga Almun nan, ya ƙura wa tarin tayoyin da ke jingine da bango ido, kamar su ya zo gaisarwa.

Duk shagunan taya da ke London, Fauzia ba ta ga na zuwa ba sai wannan na Edmonton, na Yaya Saani. Tun daga Catford fa!

Fulera ta saurara ko za ta ji wani abu. Kishi, ko haushi, ko hawaye.

Shiru.

Tun ranar da Hajiyarsa ta rantse ɗanta ba zai auro 'yar zangon Kumasi, ƙanwar mai faci ba, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Fulerata," zuciyarta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kai. Tana ci, tana sallah, tana zuwa shago. Shi ke nan.

"Wace mota ce?" ta tambaya.

"Ke da kika sha shigarta?" Fauzia ta yi 'yar dariya. "Jip ɗinsa mana. Bayan biki Inverness za mu koma, asibitin can ya ɗauke shi. An ce ƙanƙarar Scotland ba ta wasa. Habibi, ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Almu, murya can ƙasa.

"Waɗancan nake so!" Ta nuna wasu manyan rim, ƙarafan da ake ɗora taya a kai, masu ƙyalli da ke rataye, da faffaɗan tayoyi a ƙarƙashinsu. "Motar amarya ai sai ta ɗauki ido."

Daga cikin gareji Saani ya leƙo, hannunsa duk baƙin mai. Bai gaishe da kowa ba.

"Dakta, zo ka buɗe mini mota."

Almu ya fita da sauri kamar an kwance masa dabaibayi.

Ƙofa na rufuwa murmushin Fauzia ya ragu. Ta juya zoben hannunta, ta sake juyawa. Ta leƙa ta taga, ta dawo ta dafa kantar shagon.

"Fulera..."

"Ina ji."

"Ni ce zan riƙa tuƙa ta. Shi kullum yana asibiti. Gidan da muka samu a bayan gari yake, kan tudu, hanyar duk kwana-kwana." Ta sake juya zoben. "Ban taɓa tuƙi a ƙanƙara ba. Ko a nan, in aka yi ruwa, bas nake hawa."

Fulera ta dube ta.

Wannan ce ta riƙa kai wa Hajiya suka. Ita ta ce Fulera takardun zama take nema, alhali a asibitin da ke bayan titin nan aka haife ta.

Ta maida ido kan tayoyin da Fauzia ta nuna. Na bazara ne. Da sanyi ya kama su robarsu za ta sandare kamar itace. Abin da kawai za ta yi shi ne ta ce to, a sa su. Hoton ya zo mata tar: farin tudu, kwana, birki, mota tana sulalewa.

Ta jira ta ji daɗi.

Bai zo ba. Tsoron ma bai zo ba. Sai kawai ta ji bakinta yana aiki.

"Bar waɗancan. Zo ki gani."

Ta gangaro da wata taya, ta ɗora yatsa a gefenta.

"Kin ga wannan alamar, dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki? Ita ce ta hunturu. Taɓa ki ji laushi. Waɗannan ƙananan tsage-tsagen su ke cizon ƙanƙara."

"Amma ai motar duk ƙafafunta huɗu suna ja..."

"Wannan wajen tashi ne. Wajen tsayawa, taya ce kaɗai gatanki. Kuma huɗu za a sa, ba biyu ba, in ba haka ba bayan motar zai riga gabanta."

"Rim ɗin fa?"

"Na ƙarfe, ƙarami, da siririyar taya. Faffaɗa kan ƙanƙara take yawo, siririya kuwa ratsa ta take. Masu ƙyallin nan gishirin da ake watsawa a titi zai cinye su."

"Baƙaƙe ne... ba su da kyau."

"Ba su da kyau," in ji Fulera. "Za su kai ki gida."

Idon Fauzia ya kawo ruwa. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wata magana, sai ta ce, "A sa su."

Bayan la'asar Almu ya dawo ɗaukar mota, shi kaɗai. Fulera ta miƙa masa makulli. Bai karɓa ba.

"Fulerata..."

"In ka yi 'yar tafiya, ka sa a sake ɗaure notocin tayoyin."

"Wallahi ban san nan ta yi booking ba."

"Iskar taya tana raguwa da sanyi. Ka riƙa dubawa."

"Don Allah ki dube ni!" Muryarsa ta karye. "Ba na barci. Ki ce kar in tafi, kalma ɗaya, yanzu in kira a yi cancel ɗin komai. Hasken idona, ki ce wani abu..."

Sai ta dube shi. Ya rame. Gemunsa ya yi buzu-buzu, abin da bai taɓa bari ba.

"Ni zan faɗa?" ta ce a hankali. "Gaban Hajiya bakinka ne ya kamata ya buɗe, Almu, ba nawa ba. Yau ma so kake wata ta yanke maka."

"Uwa ce..."

"Na sani. Shi ya sa ban zage ka ba."

Ta kamo hannunsa, ta sa makullin a ciki, ta naɗe masa yatsun. Hannun da ɗumi. Ta lura da hakan kamar yadda ake lura da launin motar wani.

"Fauzia tana tsoron hanyar," ta ce. "Ka kai ta fili ka koya mata birki kafin ka bar ta ita kaɗai. Kar ka yi mata tsawa."

Ya damƙe makullin. Sannan ya juya.

Saani ya fito yana goge hannu da tsumma, ya tsaya kusa da ita a bakin gareji. Yayyafi ya fara sauka haɗe da ƙanƙara, titi ya yi santsi, har wani ɗan babur ya kusa zamewa a gaban tashar bas.

"Ƙanwata, da ni ne, tsofaffi zan sa musu."

"Ba za ka yi ba, Yaya."

"Ba zan yi ba," ya amsa, ya dafa kafaɗarta. "Shigo, sanyi."

Ba ta shiga ba. Ta tsaya tana kallon jip ɗin yana hawa babban titi. A kwanar da kowa ke rage gudu, baƙaƙen tayoyin suka kama kwalta gam. Ko gezau motar ba ta yi ba, ta miƙe, ta ɓace.

Ta iya zaɓen taya. Babu abin da zai tsayar da Almu a hanya.