Zakin Biredi a Kwanon Auta

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Tana aji biyar. Tana da ƙane ɗan shekara huɗu, yana ajin ƙananan yara a makarantarsu. Shi ne ƙarami a gidan, don haka kowa Auta yake ce masa. Shi kuma yana ce mata Yaya.

Auta ba ya son cin abinci. Da safe, in an yi sa'a, ya sha shayi rabin kofi. In aka matsa masa, sai ya cika kumatu da biredi ya zauna yana kallon mutane. Ba zai haɗiye ba, ba zai tofar ba.

"Wannan yaro iska yake sha," in ji Baba. "Wata rana sai mun ɗaura masa dutse a ƙafa, kada ya tashi sama."

Mama ce ta samo dabara. Abincin da yake tafiya da shi makaranta ta mayar wasa. Kowace rana da irin tata. Ranar jirgin ruwa, sai ta raba dafaffen ƙwai biyu, ta kafa yankan karas a kai. Ranar mota, sai ta yi wa biredi tayoyi da kokwamba. Minti goma ta gama, ta rufe kwano. Da haka Auta ya fara ci. Abin da ke cikin kwanon nan shi ke riƙe shi har a tashi daga makaranta.

Mama nas ce. Wata rana aka mayar da ita aikin safe na mako guda. Ƙarfe shida za ta bar gida.

"Mama, ni zan riƙa haɗa wa Auta kwanonsa," in ji Yaya.

Mama ta dube ta sama da ƙasa. "Kin iya?"

"Ai kullum ina kallonki."

"Kallo daban, yi daban. To, saurara. Zan dafa ƙwai in ajiye. Ƙaramar wuƙar nan kaɗai za ki taɓa. Ki wanke hannu. Kada ki sa tsinke, kada ki sa abin da ba a ci."

"Na ji, Mama."

Ranar Litinin Yaya ta yi jirgin ƙasa. Ta yanka biredi gida huɗu, ta jera. Ta ɗora wa kowane tarago kaya: wannan ƙwai, wannan ayaba, wannan tuffa. Auta ya yi ta tsalle.

Da aka tashi, ta je ajinsu ɗaukarsa. Malamar su Auta tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ke kika yi jirgin nan?" in ji Malama.

"Ni ce, Malama."

"Kai, yarinya! Wannan hannu naki ai sai a gaishe shi. Ko mamanku ba ta taɓa yin irinsa ba."

Maganar nan ta shiga kan Yaya ta zauna daram. Har suka isa gida tana maimaita ta a zuci.

Ranar Talata ta yi lambu mai furanni. Rabin awa ta ɗauka. Baba yana waje a mota yana danna ham.

"Ke!" ya ƙwala mata kira. "Girki kike yi ko gini?"

Ranar nan Malama ta zaga da kwanon ta nuna wa sauran malamai. Shi ke nan. Kan Yaya ya ƙara girma.

Ranar Laraba ta riga kowa shiga kicin. Zaki za ta yi.

Ta yanka biredi biyu zagaye, ta sa ƙwai a tsakani. Wannan ita ce fuska. Ta fere karas siri-siri, ta jera ɗaya bayan ɗaya har suka zagaye fuskar. Wannan ita ce geza. Ta yi kunnuwa da ayaba. Ta yi hanci da tuffa. Ta sa zabibi biyu, suka zama idanu.

Ta ja da baya ta duba. Zaki sak. Kamar zai yi gurnani.

Auta ya bar shayinsa a tebur ya zo ya leƙa. Ya buɗe baki. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki kunne ɗaya.

Yaya ta buge hannun. "Kul! Ka san wahalar da na sha?"

Auta ya janye hannu ya ɓoye a baya.

"Dube ni nan," in ji ta. "Kada ka taɓa shi sai Malama ta gani. Ko gashi ɗaya kada ka cire. In ka ɓata shi, ba ni ba kai."

"Sai Malama ta gani," in ji Auta.

"Yauwa."

Ta rufe kwanon a hankali. Shayin Auta ya huce a tebur, ko kurɓa biyu bai yi ba. Yaya ba ta lura ba. Hankalinta yana kan zaki.

A makaranta aka fita tara aka dawo. Yaya ta ci nata abincin ta ƙoshi. Ana cikin darasin lissafi, sai ga mai shara ta leƙo ajin. Ta yi wa malami magana a hankali.

Malami ya nuna Yaya. "Tashi ki bi ta. Ana nemanki a ɗakin jinya."

Yaya ta miƙe. Ta bi mai shara.

Auta yana kwance a kan ɗan gado. An manna masa filasta a haɓa. Gwiwarsa ta kuje. Leɓensa ya bushe. Ya rungume kwanon abinci a ƙirji da hannu biyu.

Wata malama da Yaya ba ta sani ba tana zaune kusa da shi.

"Ke ce Yayar?" in ji ta.

"Ni ce."

"To, zo ki ga aikinki. Malamarsu ba ta zo ba yau, ta kai ɗanta asibiti. Ni na riƙe ajin. Da lokacin cin abinci ya yi, kowa ya buɗe kwano, ban da shi. Na ce ya ci. Ya ce Yaya ta ce sai Malama ta gani. Na ce ai ni ma malama ce, kawo in gani."

"Ba ke ba ce," in ji Auta daga kwance.

"Kin ji ko? Haka ya ce mini. Na lallashe shi, ya ƙi. Na ba shi biskit, ya kau da kai. Da suka fita wasa ya bi yara da gudu. Jiri ya kwashe shi, ya faɗi a kan siminti. Mun ba shi ruwan sukari, ya ɗan sha. Amma kwanon nan ya hana kowa taɓawa."

Yaya ta durƙusa a bakin gadon.

"Auta, buɗe ka ci."

Ya girgiza kai. "Malama ba ta gani ba."

"Na fasa. Ka ci kawai."

"Kin ce ba ke ba ni." Hawaye suka gangaro masa. "Ban ɓata ba, Yaya. Duba ki gani. Ko gashi ɗaya ban cire ba."

Ya miƙa mata kwanon. Ta buɗe.

Zaki yana nan yadda ta ajiye shi. Ayabar ta ɗan yi duhu, karas ɗin ya fara laushi. Amma komai na wurinsa. Idanun zabibi suna kallonta.

Ta dubi zakin. Ta dubi ƙanenta. Sai ta sa yatsa biyu ta cire kunne ɗaya, ta jefa a baki. Ta sa hannu ta yamutsa gezar gaba ɗaya.

Auta ya tashi zaune. "Yaya! Kin ɓata!"

"Na ɓata. Ni na yi shi, ni na ɓata shi. Yanzu taya ni mu cinye shi kafin ya cinye mu. Maza, ɗauki ɗaya kunnen!"

Auta ya ɗauka. Ya ci kunne, ya ci hanci. Ya ci idanu yana dariya. Sannan ya kama fuskar da hannu biyu ya gatsa. Yaya tana riƙe masa da kofin ruwa. Bai tsaya ba sai da ya ga gindin kwano.

"Na kira babanku," in ji malamar. "Yana hanya."

Baba ya zo ya kai su gida.

Da yamma Mama ta dawo. Ta ɗaga filastar ta duba haɓar Auta. Ta wanke masa gwiwa. Ta ji labari daga bakin Baba. Sannan ta kira Yaya kicin, ta ja kujera ta zauna.

"Wa kika yi wa abincin nan?"

"Auta."

"Sake faɗa."

Yaya ta sunkuyar da kai. "Malama."

"To, Malama ce take jin yunwa?"

"A'a."

"Kin yi kwalliya, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kin san dalilin da ya sa nake yin jirgi da mota? Don ya buɗe baki ne. Ba don a tafa mini ba. In da zai ci biredi haka nan, wallahi ko yanka shi ba zan yi ba."

"Mama, ban san Malama ba za ta zo ba."

"Ba wannan ne laifinki ba. Laifinki kin sa wa abincin yaro sharaɗi. Ɗan shekara huɗu ba ya auna magana. Abin da kika ce masa, shi ke nan, ko da zai faɗi. Ya ji maganarki. Ke ce ba ki ji taki ba."

Yaya ta fashe da kuka. Mama ta bar ta ta yi mai isarta.

"Gobe ki haɗa masa da kanki," in ji Yaya tana share hanci. "Ni ba zan ƙara ba."

"A'a. Wanda ya zubar shi ke kwashewa. Gobe ma ke ce. Ga agogo can a bango, minti goma na ba ki. Ki tambaye shi abin da yake so. Ki tsaya a kansa ya sha shayinsa. Sannan ki je ki gaya wa Malama abin da ya faru, da bakinki."

"Da bakina, Mama?"

"Da wane baki kika ba shi umarnin?"

Yaya ta je ta sami Auta a falo. Yana kwance yana wasa da murfin kwano.

"Auta, ka yi haƙuri," in ji ta.

"Kin daina fushi?"

"Ai ba kai ka yi laifi ba. Ni ce."

Auta ya yi tunani. "To, gobe kifi nake so."

Ranar Alhamis Yaya ta yi kifi. Ta yanka biredi dogo, ta sa ƙwai a ciki. Ta jera yankan ayaba a bayansa. Ta yi wutsiya da tuffa. Wutsiyar ta karkace. Ta dubi agogo, ta bar ta haka.

Baba ya leƙo. "Wannan kifi ne ko takalmi?"

"Kifi ne!" in ji Auta. "Baba bai san kifi ba."

Yaya ta tsaya a kansa har ya shanye shayi. Sannan ta miƙa masa kwano.

"Da an ce a ci abinci, ka buɗe ka ci. Kada ka jira kowa. Ka fara daga wutsiya, don kada ya gudu."

A makaranta ta raka shi har aji. Malamarsu ta dawo. Yaya ta gaishe ta, ta yi mata ya mai jiki. Sannan ta faɗi komai, ba ta rage ba. Kunya kamar ta nutse a ƙasa.

Malama ta dubi Auta. "Ni ma da nawa laifin," in ji ta. "Na yi ta yabon kwano, ban taɓa tambayar cikin yaro ba. Je ki aji, 'yata. Zan sa ido a kansa."

Da aka tashi, tun daga nesa Yaya ta hango Auta. Ya taho da gudu, jaka tana tsalle a bayansa.

"A hankali, kada ka sake faɗuwa!"

"Yaya! Na cinye shi duka! Har ƙaya!"

"Kifin biredi ba shi da ƙaya, Auta."

"Nawa yana da ita. Na cinye!"

Yaya ta karɓi kwanon ta girgiza. Ba abin da ya yi motsi a ciki. Ranar nan ba wanda ya yaba mata. Amma ta riƙe hannun ƙanenta suka tafi mota, tana jin daɗin da ba ta ji ba ranar jirgin ƙasa.

Yara, ku riƙe wannan. In za ku yi wa wani abu, ku yi don amfaninsa, ba don a yaba muku ba. Kuma ku auna maganar da kuke gaya wa ƙannenku, domin su da gaske suke ɗaukarta.