Maɓalli na Uku

Maƙwabciya ce ta kai rahoto caji ofis cewa tsoho Orest Hrycan ya ɓata. Ya haura tamanin, kansa ya fara ruɗewa, wani lokaci ko sunan titinsu ba ya tunawa. Ga shi birnin Winnipeg na ƙasar Kanada a watan Janairu, sanyin da in ka fita ba hula kunnenka zai mutu kafin ka ankara. Sufeto Marlene Desjarlais ta san in tsohon yana wani wuri da ba wuta, ba zai kai labari ba.

Ɗansa Dale, wanda suke zaune tare, ya tarbe ta da shayi da fara'a. Wai babansa ya bi sa'o'insa jihar Arizona ta Amurka shan rana, kamar yadda tsofaffi ke yi duk hunturu. Lambar wayar can fa? Ai ta ɓace masa. Motar tsohon fa? Ya sayar, tunda likita ya hana shi tuƙi.

Fara'ar ta yi yawa. Sufeto ko kurɓar shayin ba ta yi ba.

Da aka bi diddigin lambar motar, aka gano wadda ta saye ta wata nas ce, Tanis Wiebe. Baiwar Allah, da ganin 'yan sanda ta ɗauka motar sata aka sayar mata. Jif ce baƙa wuluk, ta hannu amma kamar yau ta fito daga kamfani, kujerun fata masu ɗumama kansu. Ta ce arhar ce ta ruɗe ta, Dale kuma, wanda ya sayar mata, sai sauri yake kamar ana korarsa. A gabanta ya goge duk wuraren da taswirar motar ta adana.

Sufeto ta buɗe aljihun gaban mota. Ga maganin zuciyar tsohon nan, ko ɓare shi ba a yi ba.

Ta ɗaga kai, ta ga maɓallai uku a ƙasan madubi, irin waɗanda ke buɗe ƙofar gareji daga cikin mota.

"Waɗannan fa?"

"Ya ce na farko na gidansu ne, na biyu ba a taɓa haɗa shi ba," in ji Tanis. "Na uku kuwa wai ba ya aiki. Kuma ranki ya daɗe, ni ban tambaye shi ba."

Ma'aikatan filin jirgi suka tabbatar babu wani Orest Hrycan da ya tashi. Maƙwabciyar kuma ta tuna tsohon yana da ɗan gida a bakin tafki, can arewa, wanda ya gina da hannunsa. Ta san sunan tafkin, amma ba ta san gidan ba. Da aka tambayi Dale, ya ce an sayar tuntuni, shi ko hanyar ma ya manta.

"To zo mu tuna tare," in ji Sufeto.

Da rana tsaka suka kama hanya a cikin jif ɗin, ita ke tuƙi, shi yana gefe, motar 'yan sanda tana biye. Ya yi ta surutu a kan farashin mai da wasan ƙwallon ƙanƙara. Da suka saki kwalta, sai ya koma leƙen hanya ta taga.

Gidajen bakin tafkin a jere suke, duk a rufe, ƙanƙara ta cinye su har taga. Ba hayaƙi, ba sawun kowa. Sufeto ta rage gudu. Duk gidan da suka zo, sai ta miƙa hannu ta danna maɓalli na uku. Shiru. Ta ƙara gaba, ta danna. Shiru. Zufa ta karyo wa Dale, a wannan uban sanyin.

A wani koren gida na ƙarshen layi, ƙofar gareji ta yi ƙara, ta fara ɗagawa a hankali.

Takalma suka fara bayyana, sannan gwiwoyi. Tsohon yana zaune a kan kujerar roba, yana fuskantar ƙofa, da kwat ɗinsa da hularsa, 'yar jakarsa a kan cinya. Ƙanƙara ta yi fari a girarsa. Sufeto ta sauka ta taɓa wuyansa, duk da ta san abin da za ta ji. Ta ga gawa iri-iri a aikin nan, amma wannan ta karya mata zuciya.

Dale bai yi gardama ba. Ya ce ya gaji. Shekara da shekaru yana wanke shi, yana ba shi abinci a baki, mutumin kuma kullum sai ya tambaye shi ko shi wane ne. Ya kawo shi nan, ya kashe na'urar ɗumama gidan, ya juya.

"Ƙofar gidan ba a kulle take ba," in ji Sufeto. "Me ya hana shi fita?"



"Ce masa na yi ya zauna nan, kada ya motsa, zan je in sha mai in dawo," in ji Dale. "Ranar ya gane ni. Ya ce, 'To, Dale, ina jira.'"

Aka sa masa ankwa. Sai da suka bi da shi ta gaban garejin kafin su kai ga motar 'yan sanda, domin babu wata hanya.