Sitiyarin Laftana

Ni Manzo, na tsufa a kan hanyar Filinge da Baleyara ina jigilar 'yan kasuwa, sannan na ƙarasa sauran ƙarfina a ƙarƙashin wata tsohuwar jar motata ta tsere mai kujera biyu, ina gyara. Na gaji da ita, Allah Ya sani, amma ba na iya barinta.

Da aka shirya tseren tsofaffin motoci, wani jami'i, Ibrah, ya zo daga Yamai ya duba ta. Ya shafa nan, ya leƙa can.

"Baba, komai ya yi, sai sitiyari. Ba na asali ba na. In babu na asali, ba ta shiga."

Irinta biyu suka taɓa shigowa ƙasarmu ta Kurfai. Ɗayar ta wani laftana ce, Albarka, wanda ya faɗa kwazazzabo da ita ya mutu tun zamanin soja. Gangar jikinta na nan, ba mai zuwa wurin.

Na isa can da motata da la'asar sakaliya. Wurin na warin tsatsa da kashin awaki. Kusoshin suka ba ni wahala, har rana ta yi ja kafin in kwance sitiyarin in ɗaura a tawa. Ya zauna daram. Bayana na ciwo, idona na lumshewa. Na tayar da mota, sai bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa a tasha:

"To, kowa ya shigo, mu tahi."

Kujerar gefena ta yi ƙara, ta lotsa.

Ban duba ba. Na hau hanya.

Warin man gashi ya cika motar, irin na samarin da. Sai ƙaurin roba.

Sitiyarin ya yi ɗumi. Ba inda na riƙe ba, ƙasa kaɗan.

Na karya dama wajen gari. Sitiyarin ya dawo da ni hagu.

"Tsoho," aka raɗa mini a kunne, "matsa. Sitiyarin nau na."

Na taka birki, ya tafi ƙasa fayau. Allurar gudu tana hawa. Geron bakin hanya ya zama zare. Na ji yatsu masu sanyi suna ɓamɓare nawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba fushi.

Na ja Ayatul Kursiyyu, ta kakare a wuyana.

Na buɗe ƙofa na faɗa.

Wani makiyayi, Yero, ya tsince ni cikin ƙaya da karyayyar kafaɗa. Ya ce ya ga motar ta miƙe hanyar Yamai, har da canza giya.

Ina kwance a gida Ibrah ya kira ni, muryarsa cike da murna.

"Baba, albishirinka! Direbanka ya kawo ta jiya, mun duba, ta shiga. Yaro mai ladabi. Yaushe kaka zuwa?"

Abin da na kashe raina a kai ya samu, kuma ko daɗi ban ji ba.

Na ce ya gaishe shi. Faci nake yi wa tayoyin amalanke yanzu, kuma ba na magana in ina aiki.