Kwalba ta Goma Sha Bakwai

Ban taɓa rubuta labari ba, kuma har yau sanyi bai saki hannuna ba, sai ku yi haƙuri da ni.

Aikina na kammala karatu shi ne in ajiye jinin mutum arba'in a firiza, a wani ɗakin gwaji da ke Kwamba, in riƙa auna ko maiƙon cikinsa yana lalacewa. Mutum talatin da tara na samu, sai na cike da nawa.

Duk kwalaben sun daskare, ban da ta goma sha bakwai. Kullum da ɗuminta, maiƙonta ko gezau. Malam Gidiyon, mai duba aikina, ya ce, "Fauziyya, jini ba ya haka. Ki gyara, ko ki maimaita shekara."

Ranar Alhamis bayan magariba aka ɗauke wuta. Ina kiciniyar tada janareta sai na ji sallama. Wata mata ce lulluɓe da bargo, a wannan zafin na Maris. Tana magana, tururi na fita daga bakinta.

"'Yata, wata uku ke nan ina rawar ɗari, tun ranar da kika ɗebi jinina. Buɗe min."

Ina kallo hannuna ya buɗe firizar.

Ta ɗauki ta goma sha bakwai ta cusa a ƙirjinta. Sannan yatsunta suka bi layi, suka tsaya kan ta arba'in.

"Wannan naki ne ko? Bari ni ma in ajiye, in ga ko zai lalace."

Tana damƙe kwalbar, sanyi ya fara hawa hannuna, daga daidai inda allura ta shiga.