Sanyin da Ba Ciwo Ba

Zelia ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share tsakar gida, ta leƙa waje, ta dawo, ga tukunyar saiwoyi tana ta tafasa a murhun gawayi.

"Shanye maganin nan, ki kwaso tabarmarki ki dawo ɗakina!" in ji Mma Lariba, uwar mijinta. "Shekara uku ko ɓari babu! Duk unguwar Nima an san sanyi ke hana haihuwa. In Babbar Sallah ta zo ba labari, Fatawu zai sallame ki."

Kowane wata, in ta yi wankan tsarki aka kwana biyu, sai Zelia ta ga wani ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Tun ranar da ta faɗa wa Mma aka kafa doka: ba ta kwana ɗakin miji sai ya ɗauke, kada ta shafa masa.

Da la'asar Fatawu ya dawo daga Abossey Okai, kasuwar kayan mota, hannu duk baƙin mai.

"Chale, mutuniyata, yau ma an ƙwace mini mata?"

Maimakon dariya sai Zelia ta fashe da kuka.

"Plis, share hawayenki," ya ce. "Ba inda za ki. Gobe mu hau trotro mu ga nas."

A kilinik ɗin Maamobi, Sista Mulikatu ta saurare ta tsaf.

"Yana wari? Ƙaiƙayi fa?"

"A'a, Sista."

"Yana jan zare tsakanin yatsu? Har ki ɗan ji tsunkuli a gefen mara?"

"Wallahi haka ne!"

"Ƙanwata, wannan ba sanyi ba ne, lafiya ce! Alama ce ƙwai ya kusa sauka, kuma kwanakin ne mace ta fi ɗaukar ciki. To a lokacin ina kike kwana?"

Zelia ta sunkuyar da kai. "Ɗakin Mma."

Fatawu ya ɗora hannu a ka. "Shekara uku, jama'a!"

Ya so ya shiga gida da faɗa, Zelia ta riƙe masa riga. Ita ta durƙusa gaban surukarta, ta yi bayani a hankali, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Mma ta tashi ta shige ɗakinta.

Wata ya zagayo, alamar ta dawo. Zelia ta naɗe tabarma, ta nufi ɗakin tsohuwar. Sai ta tarar da tukunyar saiwoyi a kife.

"Me kike nema a ƙofata?" in ji Mma, tana kau da kai. "Wuce ɗakin mijinki, munsharinki ya ishe ni!"

Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya ta da zancen saki. Kafin wata Sallar aka raɗa wa jaririyar Zelia suna Lariba, tsohuwa tana rawa tana share ido.

'Yan'uwa mata, ku san jikinku, ku tambayi masu sani kafin ku kira lafiya ciwo. In kuma gaskiya ta zo hannunku, ku miƙa wa manya ita da ladabi, kamar yadda Zelia ta yi.