Makiyayiyar Tangaran ta Donna Fortuna

Da almuru ne, a wani tsohon gida cikin birnin Napoli. Donna Fortuna na zaune tana kallon ɗanta Gaetano yana naɗe kayan adonta na tangaran cikin tsohuwar jarida. Marigayi mijinta ne ya gasa su da hannunsa, furanni da 'yan mala'iku da wata makiyayiya rungume da ɗan rago. Gaetano ya ce mata fenti kawai za a yi wa bango, a mayar da komai wurinsa. Uwa kuwa, ko ɗanta ya ce rana daga yamma take fitowa, yarda za ta yi.

Yana sa makiyayiyar a kwali sai tsakuwa ta faɗo tsakiyar ɗaki, ga taga a rufe. Wata ta biyo ta. Can sai jikar tsohuwar, Titina 'yar Gaetano, ta ajiye cokali, ta soma dariya da muryar da ba tata ba.

Kwana da kwanaki yarinya ba ci ba sha. Aka ɗauko Don Saverio, tsohon fada na coci da ya san kan aikin fitar da aljanu. Ya yayyafa ruwan tsarki, ya daɗe yana addu'a, sannan ya ce wa aljanin da ke kanta, "Wane ne kai?"

"Mazaunin gidan nan. Tun ranar da aka fito da makiyayiya daga wuta nake cikinta."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ruwanta. Ubanta ne ya sayar da gida. Ni da tsohuwa aka shirya wa ƙaryar fenti. Ita a kai ta gidan tsofaffi, ni a kai ni kanti."

Donna Fortuna ta juyo a hankali. "Gaetano, ƙaryata shi mana."

Gaetano ya sunkuyar da kai. "Mamma, da ma zan gaya miki."

Fada ya tambayi aljanin me zai karɓa ya sake ta. Aljanin ya ce a bar makiyayiya inda take, ko wa ya shigo gidan. Gaetano ya rantse. Titina ta yi atishawa, ta sulale ƙasa, ta farka tana neman ruwa.

Kowa na hamdala ban da tsohuwa. Fada zai fita ta riƙo hannun rigarsa.

"Fada, shi an tambaye shi abin da yake so. Ni ma sai na hau kan jikata za a bar ni a ɗakina?"